Yadda ake jan tirelar tafi-da-gidanka cikin ruwa da iska ba tare da ta yi lilo ba

A Amurka da Kanada, da zarar sanyi ya wuce za ka ga akori-kura suna jan ɗakunan kwana masu taya zuwa wuraren shaƙatawa. Yawancin sababbin hannu da na gani, da sun sayi sandar hana lilo, wato ƙarfen da ake ɗaurawa tsakanin mota da tirela, sai su ɗauka magana ta ƙare. Sandar tana rage lilo ne kawai, ba ta gyara mugun lodi.

Don haka fara da lodi. Nauyin da tirela ke ɗorawa a kan ƙwallon ƙarfen bayan mota da aka maƙala ta a kai ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta gaba ɗaya. Tirela mai kilo 2,500 ke nan tana buƙatar kilo 250 zuwa 375 a kan ƙwallon. Kaya masu nauyi, irin su janareta da akwatin kayan aiki, su zauna a ƙasa, gaba da tayoyin tirela kaɗan. Wanda ya ɗaure janareta da kekunan yara a can baya ya ɗage mata kai, kuma da hannunsa ya sayi lilo. Idan tankin ruwa a bayan tayoyi yake, zubar da ruwan kafin ka tashi, domin lita 150 kilo 150 ne. Kada ka yi kirdado da ido, ka hau sikelin manyan motoci da ke gidajen mai na bakin hanya. Kuɗin awon bai kai ko kusa da na cika tankin mai ba. Iskar taya kuma da safe ake dubawa, kafin su yi zafi.

Sai sandar kanta. Akwai mai araha wadda ke aiki da gogayya, ana ɗaure ta da ɗan hannu a gefe, akwai kuma wadda ke haɗe da ƙarafan da ke rarraba nauyin kan tirela zuwa tayoyin mota da na tirela. Ni dai duk doguwar tirela, ta biyun nake cewa a saka mata, ko da an ciji yatsa wajen biya. Mai araha tana da wani sharaɗi da mutane ba sa karantawa: masu ƙera ta sun ce a sassauta ta gaba ɗaya idan hanya ta jiƙe, ko akwai ƙanƙara ko tsakuwa. Dalili kuwa, tana hana tirela juyawa, kuma idan akwai santsi tayoyin mota ba su da riƙon da za su fi ƙarfinta, sai ka karya kwana motar ta nemi wucewa kai tsaye. A cire ta kuma kafin a yi baya.

Gwada birkin tirela a fili, kana gudun kilomita 40. Matsa ɗan hannun na'urar birkin da ke kusa da sitiyari. Idan tayoyin tirela suka ƙulle suna jan ƙasa, rage ƙarfin. Ranar ruwa ka ƙara ragewa.

Yanzu ga inda ake yin asara. Kana tafe, babbar mota ta wuce ka, iskarta ta tura ka gefe sannan ta zuƙo ka, sai ka hango wutsiyar tirela a madubin hagu, can kuma ta bayyana a na dama. Ƙafa za ta nufi birki da kanta. Hana ta. Idan ka taka birkin mota, motar ta rage gudu tirela ba ta rage ba, sai ta turo ka daga baya lilon ya ƙaru. Ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka ce za ka bi ta hagu da dama, ba za ka taɓa yin daidai da ita ba. Sannan ka sa hannu ɗaya ka matsa birkin tirela ita kaɗai, sannu-sannu. Da ta ja baya sai ta miƙe a bayanka. Masu cewa a ƙara wuta ta miƙe, ka bar su da maganarsu, gudu shi ke haifar da lilo tun farko. Ka saba da wurin da hannun nan yake tun kana tsaye, har ka iya kai hannu gare shi ba tare da ka duba ba.

Gudu kuwa, jihar Kalifoniya ta tsayar wa masu jan tirela mil 55 a awa, wajen kilomita 88, ko da gari ya yi kyau. Cikin ruwa ka sauko ƙasa da haka sosai, ka kashe na'urar da ke riƙe gudu da kanta, ka ninka tazara tsakaninka da na gaba. Ka rage gudu tun kafin gada da gangara da inda bishiyoyi suka ƙare, nan iska ke mazgar gefen tirela. A jihar Wayomin, idan iska ta yi ƙarfi, hukuma kan hana dogayen motoci marasa nauyi bin babbar hanyar I-80, kuma tirelar kwana na cikinsu. Ranar irin wannan ka nemi wurin tsayawa nesa da kwalta, ka juya gaban motar ya fuskanci iskar, ka jira ta lafa.