Yadda za ka tattara tarihin filayen ƙwallon Kano daga bakin tsofaffin 'yan kallo

Sakamakon wasa za ka iya samun sa a tsohuwar jarida, amma babu jaridar da ta rubuta ta wace ƙofa yara ke sulalewa su shiga fili, ko gefen da masu ganga ke zama. Wannan yana cikin kawunan mutane ne kawai. Matashin da ya ga ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1978 yanzu ya haura sittin, don haka da irinsu ya kamata a fara.

Nemo su ba wuya. Majalisar unguwa, teburin mai shayi da shugabannin magoya bayan Kano Pillars za su nuna maka su. Sai dai kada ka ɗauki murya a majalisa. Mai babbar murya zai danne kowa, sauran su riƙa cewa "haka ne", ka tashi da labari ɗaya maimakon biyar. Ka nemi mutum shi kaɗai a zaurensa, da hantsi ko bayan la'asar, nesa da janareta da titin adaidaita sahu. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗa masa inda muryar za ta je, sannan ka ɗauki amincewarsa a farkon faifan tare da ranar da aka yi hirar.

Waya ta isa. Ka cika mata caji, ka rufe layi don kada kira ya katse ɗauka, ka ɗora ta a kan tsumma kamar kamu ɗaya daga bakinsa. Ka gwada minti ɗaya ka saurara tukuna. Kada zama ya wuce minti 45. Gara ka dawo wata rana, domin a tsakanin zama biyu ne abubuwa ke faɗo wa dattijo.

Tambayar farko ita ce: "Baba, wane fili?" Kano tana da na Sabon Gari da na Ƙofar Mata, kuma tsofaffi kan cakuɗa su ba tare da sun lura ba. Miƙa masa takarda da biro ya zana: ƙofofi, rumfar manya, gefen da rana ke duka, inda 'yan wasa ke fitowa. Hannu na zane, baki na buɗewa. Kada ka tambaye shi ko wasan da ya fi na yanzu, amsar sananniya ce. Ka tambaye shi daga wace unguwa yake tasowa, a ƙafa ko a keke, ina yake ajiye keken, ƙarfe nawa fili ke cika, me ake sayarwa a bakin ƙofa, wane kirari ake yi wa mai tsaron gida. Idan ya fara waƙar magoya baya, yi shiru har ya kai ƙarshe.

A kuɗin tikiti ake yawan tuntuɓe. Naira ta zo a 1973, amma mutane sun daɗe suna kiran kwabo goma "sule", naira biyu kuma "fam". Jin "sule biyu" ba ya nufin labarin ya girmi naira. Sai ka sake tambaya.

Shekara kuwa, kada ka karɓe ta daga baki kai tsaye. Ɗaure ta da abin da aka tabbatar. An kafa Pillars a 1990, to duk wasan da aka ce ta buga kafin nan na wata ƙungiya ce, wataƙila ɗaya daga cikin waɗanda aka haɗe aka samar da ita, kamar WRECA ko Golden Stars. Filin Sani Abacha, wato na Ƙofar Mata, ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Masu Gida, wato Pillars, sun ɗauki gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Sai ka ce: "Kafin gasar Afirka ne ko bayanta? Ka yi aure a lokacin? Wa ke gwamna?" Idan mutum biyu sun saɓa, rubuta duka biyun da sunan mai kowace magana, sannan ka duba tsofaffin fitowar New Nigerian, Triumph ko Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gidan Arewa da ke Kaduna wuri ne da ya dace a nemi irin waɗannan jaridu.

Tsohon hoto ko guntun tikiti kada ya bar hannun mai shi. Ɗauke shi nan take a inuwa, ba tare da fitilar waya ba saboda ƙyalli, gaba da baya, domin a bayan hoto ake samun kwanan wata da tambarin mai hoto. Idan za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba ingancinsa zai ragu har fuskoki su dushe. Kowane faifai ka sa masa sunan mai magana da ranar hira, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban, ka rubuta hirar a cikin makon, da irin Hausar da ya yi ta, sannan ka kai wa iyalansa nasu kwafin.