Yadda za ka kore hazo a Minecraft ka hangi nesa, ko da ordinaterka tsohuwa ce

Salamu alaikum ƴan uwa masu gini a Minecraft. Tun ranar da na nuna wa yaran fadarmu hoton duniyata, wanda aka ga tsaunuka a jere har iyakar ganin ido da kogi yana ratsa su, ake ta tambayata wai wace sabuwar ordinater na saya, alhali ita ce dai tsohuwar nan tawa mai RAM giga 8 da kowa ya sani. Ba na'ura na canza ba wallahi, mod biyu na ƙara (mod ɗan ƙarin shiri ne da ake sa wa wasan ya canza yadda yake aiki), sannan na rage wani abu da kowa yake ƙarawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi dalla-dalla.

Kafin komai, wannan bayani na masu Java Edition ne a kan kwamfuta. In a waya kake wasa, wato Bedrock, ka yi haƙuri waɗannan mod ɗin ba sa shiga can, kar wani ya ce ka kawo kuɗi zai sa maka.

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Birni lokacin buji ya san abin da nake nufi. Ka hau ka gaji, kana son ka hangi gari har wajen Zango, amma ƙura ta rufe komai sai gidajen da ke gabanka. Haka Minecraft yake in ka bar shi yadda ya zo. Wasan ya yanka duniya gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana ce mata chunk, faɗinta bulo 16 tsawonta bulo 16, kuma tun daga 1.18 da ya fito a 2021 zurfinta daga ƙasa zuwa sama bulo 384 ne. Abin da ake ce wa Render Distance, ko Distance d'affichage in wasanka da Faransanci yake, shi ne yawan chunk ɗin da wasan zai zana maka ta kowane gefe. In yana kan 12, bulo 192 kawai kake gani, bayan nan sai hazo. To sai mutum ya ce ai abu mai sauƙi ne, ya ja shi zuwa 32 wanda shi ne ƙarshe. A nan ake shiga uku. Yi lissafi da kanka, a kan 8 chunk wajen 289 ne ke kewaye da kai, a kan 12 sun kai wajen 625, a kan 32 kuwa sun haura 4,000, kuma kowace ɗaya sai an ɗora ta da kogunanta na ƙarƙashin ƙasa da ganyenta da komai nata. Duk wannan wahala don ka ga bulo 512, rabin kilomita ke nan. Fanka ta kama kuka, hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya, ƙarshe wasan ya rufe kansa.

Mod ɗin da ke gyara wannan sunansa Distant Horizons, kuma dabararsa ita ce ta burge ni tun ranar farko. In ka tsaya daga nesa kana kallon Fadar Sarkin Damagaram ai ba ka ganin kowane zane da ke jikin bangon, siffa kake gani da launi, kuma ya ishe ka ka gane fada ce. Shi ma haka yake yi, abin da ke kusa da kai ya bar wa wasan ya zana shi cikakke, abin da ke nesa kuma ya zana shi a taƙaice, yana haɗe bulo da yawa su zama dunƙule ɗaya, iya nisan wuri iya girman dunƙulen. Masu mod ɗin suna ce wa wannan dabara LOD. Idonka ba zai damu ba don dama abin yana can nesa. Mod na biyun shi ne Sodium, shi aikinsa sauƙaƙa zanen abin da ke kusa, kuma ko ba ka son hangen nesa ya kamata ka sa shi.

Ga yadda ake yi. Da farko ka shiga dosiyen wasan, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta %appdata%\.minecraft ka buɗe. Ka kwafe dosiyen saves gaba ɗaya ka aje a kile ko wani wuri daban, don Allah kar ka tsallake wannan, ginin wata shida ba abin wasa da shi ba ne. Sai ka je shafin asali na Fabric, wato shirin da ke ba wasan damar karɓar mod, ka sauko da installer ɗinsu, ka zaɓi lambar wasan da kake so, misali 1.21.1, ka bari ya gama. Ka riƙe lambar nan a kanka don komai a kanta zai tafi. Daga nan ka tafi Modrinth ko CurseForge, wurare biyun nan kaɗai nake yarda da su, ka sauko da Fabric API da Sodium da Distant Horizons. Su kyauta ne, kuma ba su da nauyi sosai, ba za su cinye maka forfe ba. Fishiyoyin duka suna ƙarewa da .jar, ka zuba su cikin dosiyen mods yadda suke, kar ka warware su, in babu dosiyen ka ƙirƙira shi da kanka da ƙananan baƙaƙe.

Inda mafi yawan mutane ke faɗuwa shi ne wajen lambar nan. Ƙanena ya kwana yana fama, wasan na buɗewa yana rufewa, har ya fara cewa kwamfutar ce ta mutu, da na duba sai na ga Sodium ɗinsa na wata lamba ne daban, Distant Horizons ɗin kuma na Forge, wani shirin karɓar mod daban da Fabric, ya ɗauko ya zuba cikin Fabric. Kafin ka danna saukewa ka duba abu biyu, lambar wasan da kuma sunan Fabric a jikin fishiyen. In tsohon Sodium kake amfani da shi, wanda bai kai 0.6 ba, yana iya neman ka ƙara wani ƙaramin mod mai suna Indium, saƙon da zai fito maka zai faɗi sunan abin da ya rasa, ka karanta shi a natse maimakon ka rufe da sauri. Kuma in kana da mod ɗin OptiFine ka cire shi, shi da Sodium ba sa zama inuwa ɗaya.

Saura maganar RAM. Launcher, wato shirin da kake buɗe wasan da shi, a lambobi irin 1.21.1 giga 2 yake ba shi in ba ka taɓa ba, kuma wannan ya yi wa Distant Horizons kaɗan. Ka shiga Installations, ka zaɓi na Fabric, ka danna Edit, sai More Options, za ka ga wani dogon rubutu da ya fara da -Xmx2G. Wannan 2 ɗin kaɗai za ka canza. Mai giga 8 ya mayar da shi 4, mai giga 16 ya sa 6 ya isa. Kar kwaɗayi ya sa ka ba shi duka, Windows ma tana son nata rabon, in ka hana ta komai zai daskare. Mai giga 4 kuwa gaskiya zan faɗa maka, ka tsaya a kan Sodium kaɗai, za ka ji daɗin wasanka fiye da ka matsa wa na'urar abin da ba za ta iya ba.

Yanzu ka buɗe wasan, kuma ga abin da nake ta son in faɗa tun ɗazu. Ka RAGE Render Distance na wasan, ka kai shi 8, ko ma 6 in na'urar mai rauni ce. Simulation Distance shi ma ka sauke shi wajen 6 ko 8, shi ne ke kula da nisan da dabbobi ke motsi da shuka ke girma. Na san zuciya ba ta son haka, mutum ya zo neman ƙari an ce ya rage, amma ƙarfin da ka ceto a nan shi ne mod ɗin zai yi aiki da shi. Sai ka shiga Options, za ka ga ɗan ƙaramin tambarin Distant Horizons a sama kusa da FOV, ka danna. Nisan LOD ka fara da 64, wato bulo 1,024, ninki biyu ke nan na iyakar abin da wasan kansa yake iya nunawa. In ka ga lafiya lau ka ƙara zuwa 128, bulo 2,048, sama da kilomita 2. Akwai masu kai shi 256 har sama, amma wannan sai masu manyan na'urori. Quality Preset ka sa Low ko Medium. CPU Load kuma ka bar shi a Low Impact, akwai wani zaɓi a ƙarshe mai suna I Paid For The Whole CPU, a zafin Damagaram kar ka kusance shi.

Da ka shiga duniyarka ba za ka ga komai ya cika nan take ba, kuma a nan wasu ke cewa ƙarya ne su goge. Mod ɗin sai ya ƙera wuraren da ba ka taɓa takawa ba kafin ya nuna su, za ka ga ƙasa tana tsirowa gutsure-gutsure, nan rami can tsibiri a sama, hoto ma yana ɗan sarƙewa. Ka tabbata Distant Generation a kunne yake, ka hau wuri mai tsawo, ka sa Peaceful don kar dodanni su kashe ka, ka bar shi a buɗe ka je ka sha shayi. In kai kaɗai kake wasa wannan aikin ba ya buƙatar intanet ko mega ɗaya. Ni da dare na yi nawa bayan isha'i da gari ya ɗan yi sanyi, kuma kuran yana nan, don a kan batiri laptop tana rage ƙarfinta. Da ya gama wurin da kake zaune nauyin zai sauka sosai, kana ma iya kashe Distant Generation ɗin in ba tafiya za ka yi ba.

Maganar zafi ba ƙarama ba ce a wajenmu, a Afrilu da Mayu da rana ke wuce digiri 40 na'ura tana shan wuya tun kafin ka buɗe wasa. Kar ka ɗora ta a katifa ko bargo, ka sa ta kan tebur ka ɗan ɗaga bayanta da littafi iska ta shiga ta ƙasa, kuma bayan kowane hunturu ka kai a hure mata ƙurar da ta toshe fanka. Ka ƙayyade Max Framerate a kan 60, abin da ya wuce haka zafi ne kawai yake ƙara maka. In ka danna F3 za ka ga fps, wato yawan hotunan da wasan ke nunawa a daƙiƙa ɗaya, a gefen hagu da yawan RAM da ake ci a gefen dama, in fps na faɗuwa ƙasa da 30 ka rage nisan LOD, in RAM ce kullum take bakin cika ka rage shi ma ko ka ƙara Lithium da FerriteCore, su ma suna taimakawa. Masu laptop mai katin hoto biyu ku shiga Graphics settings na Windows ku sa javaw.exe a kan High performance, sau da yawa wasan a kan ƙaramin katin yake tafiya mutum bai sani ba.

Duk abin da mod ɗin ya zana yana aje shi cikin wani fishiye mai suna DistantHorizons.sqlite a dosiyen data na duniyarka, kuma yana iya kumbura ya kai giga da dama, don haka ka riƙa leƙa sararin diski. Wata rana an ɗauke wuta batirina kuma ya riga ya mutu, da na dawo sai na ga nesa ta cika da ramuka, hankalina ya tashi na zaci gidana ya tafi. Ashe fishiyen nan ne kawai ya lalace, na rufe wasan na goge shi, ya sake zanawa daga farko, gini na ko bulo ɗaya bai taɓu ba.

Ka sani kuma abin da kake hange can hoto ne kawai, ba za ka ga shanu ko mutanen ƙauye suna yawo a ciki ba sai ka matso. A kan server kuma galibi wuraren da ka taka da ƙafarka kaɗai zai nuna maka, sai dai in mai server ɗin shi ma ya sa mod ɗin a wajensa. Shader kuwa, wato abin ƙawata haske da inuwa, mod ɗin Iris da ake sa su da shi yana aiki da Distant Horizons, kuma akwai shader irin su Complementary da Bliss da suka dace, amma a kan giga 8 ni dai na gwada sau ɗaya na cire.

Nawa saitin yanzu Render Distance 8 ne, LOD 128, Quality a Medium, RAM giga 4. Daga saman hasumiyar da na gina ina hangen wani ƙauye a bayan hamada wanda na fi wata uku ina zaune kusa da shi ban san yana nan ba, jiya na ɗaura wa doki sirdi na nufi can, rufin gidajen na gabana tun daga ƙofar gida har na isa.