Yadda na raba notin jirgi da na kasuwa

Ƙaramin jirgin da nake haɗawa a garejinmu a Gombe ya kai wajen ɗaura fiffike, sai na tarar yarona ya juye notina duka cikin gwangwani ɗaya, na jirgi da na kasuwa. Shi dai gyara ya yi niyya.

Abin da ya ruɗe ni shi ne AN3, wani notin jirgin sama, da M5, wani notin kasuwa. A ido kamar tagwaye, har uwar notin wannan takan hau wancan. Amma AN3 kaurinsa 3/16 na inci ne, wajen milimita 4.8, da zare 32 a kowane inci. M5 kuwa milimita 5 ne.

Na baje su a faranti, na bi kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Na jirgi na ƙarfe yana da alamar gicciye ko tauraro a ka, zarensa gajere, sauran jikin sumul, don nan ne yake ɗaukar nauyi. Wanda na ga 8.8 a kansa, na kasuwa ne.

Malam Makaniki maƙwabcina ya ce, "Injiniya, ai ƙarfe ƙarfe ne." Na ce masa mota in ta kwance gefen titi take tsayawa.

Guda shida marasa alama na ba shi, ya ɗaure ƙofar shagonsa.