Yadda za ka zaɓi gilashin kyamara mai faɗin gani

Da farko, duba bakin kyamararka, inda gilashi ke shiga. Gilashin Canon EF ba ya hawa Nikon F, kuma na Canon RF da na Nikon Z sababbi ne, kowanne da bakinsa. Rubuta sunan kyamarar a takarda kafin ka aika saye Yamai ko Kano.

Sai ka san girman sensarka, wato ɗan allon da ke kama hoto a cikin kyamara, don nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Lambar mm da ke jikin gilashi, in ta yi ƙasa, faɗin gani ya ƙaru: a babbar sensa, 24mm yana da faɗi sosai. A ƙaramar sensa ta APS-C kuwa, sai ka ninka lambar da 1.5 a Nikon da Sony, 1.6 a Canon. Wato 18mm a Canon tamkar 29mm ne a babbar sensa. In kana son ƙofar fadar Sarkin Damagaram ta shigo cikin hoto gaba ɗaya, ko bangon zane a lungunan Birni inda babu wurin ja da baya, nemi 10-18mm na Canon ko 10-20mm na Nikon.

Daga nan dubi haske: lambar f da ke jikin gilashi, in ta yi ƙasa, haske ya fi shiga. Mai f/2.8 yana aiki a zaure mai duhu da bikin dare, amma yana da tsada da nauyi. Hawan sallah da rana, f/4.5 ya wadatar.

In na hannu ne, haska fitilar waya cikinsa, ka duba ƙura da karce. Ɗaura shi, ka ɗauki ƙofa da mutum a gefenta: in layin ƙofar ya lanƙwashe ƙwarai ko fuskar ta miƙe, ajiye shi.

Ka haɗa da gilashin kariya daidai faɗin bakinsa, saboda ƙurar hunturu.