Darasi na Bakwai: Idan Tansiyo Ya Sauka

A watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke haura maki 40, wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin Kasuwar Dole ta zauna gaban murhu tun asuba. Kurɓi biyu na kunu kawai ta yi, don ruwan da ta saya wurin ɗan garuwa ta ajiye shi saboda aiki. Da hantsi ta miƙe zumbur za ta ba wani canji. Nan take idonta ya rufe, kunnenta ya ɗauki ƙara, ta dafa bango ta sulale ƙasa.

Ɗiyarta ta kai ta asibitin unguwa. Malamin asibiti ya ɗaura mata abin awo a damtse, ya matsa, ya duba.

"Inna, tansiyonki ya sauka. Takwas bisa biyar."

"To ɗana, jinin nawa ne ya ƙare?"

"A'a Inna, jinin yana nan. Ƙarfin tafiyarsa ne ya ragu, don jikinki ya bushe."

Tambayar Inna ita ce ta mutane da yawa, don haka mu tsaya a kanta. Ƙarancin jini daban, saukar tansiyo daban, ko da yake wani lokaci sukan haɗu wa mutum guda. Zuciya ce ke tura jini cikin jijiyoyi, kuma ƙarfin turawar nan shi ake aunawa, shi ne tansiyo. Ana rubuta lamba biyu. Ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuwa lokacin da ta ɗan huta. A asibitocinmu za ku ji an ce 12/8, wasu na'urori kuma su nuna 120/80, duk abu ɗaya ne, kuma awo ne mai kyau. Idan ya gaza 9/6, an ce ya sauka. Akwai waɗanda haka jikinsu yake, suna aikinsu garau ba jiri ba kasala. Waɗannan ba su da abin damuwa.

Abin da ya fi jawo saukar tansiyo a nan garinmu shi ne rashin ruwa a jiki: zufa, gudawa, amai, zazzaɓin cizon sauro, ko wuni cikin rana ba a sha ba. Mun san ruwa da tsada yake a Damagaram, amma na sha bai kamata a yi masa rowa ba. Ku duba fitsarinku, in ya yi ja ya kuma ragu, jiki na neman ruwa. Mace mai ciki ma tansiyonta kan ɗan sauka, musamman a wata shida na farko. Haka tsofaffi bayan sun ci sun ƙoshi, da masu shan maganin hawan jini.

Mai fama da jiri ya koyi tashi a hankali. Da safe ya fara zama bakin gado, ya motsa ƙafafu, ya ƙirga zuwa talatin, sannan ya miƙe. Haka zai yi in zai ɗago daga sujada. A watan azumi ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur, in tsayuwar asham ta yi masa tsawo ya zauna. In gudawa ce, a karɓo ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai. Da mutum ya ce yana jin jiri, sai maƙwabta su ce ya lashi gishiri ko ya ƙara magi a miya. Alhali mai hawan jini ma yana jin jiri, gishirin kuma cuta ce gare shi. Ba a gane tansiyo da ido, sai an auna. Wanda ke shan maganin hawan jini kuma kada ya bari da kansa, ya koma wurin likita a gyara masa.

In wani ya faɗi a gabanku, ku kwantar da shi a inuwa, ku ɗaga ƙafafunsa bisa matashi ko kujera ƴar tsuguno, ku sassauta masa tufafi. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai iya shaƙewa, sai ya farfaɗo sarai. Amma in jikinsa ya yi sanyi da zufa, numfashi na sauri, magana ta rikice, ko ƙirji na ciwo, ko bayan gida ya yi baƙi, ko mai jego ce jini na zuba, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A nemi abin hawa zuwa Babban Asibitin Damagaram ko wanda ya fi kusa.

Aikin gida: ku je a auna ku cikin makon nan, ku rubuta lambobin biyu da ranar a littafinku, ku zo da su aji mu karanta tare.