Yadda na warware rikicin bitamin D na Umma

Gwajin jini ya nuna bitamin D ya yi wa Umma ƙaranci, likita ya rubuta mata IU 1000 kullum (IU ma'auni ne na adadin bitamin). Na je kyamis, aka jera min kwalabe huɗu, kaina ya ɗaure.

Na fara ɗauko ƙwaya mai haɗe da kalsiyam. Ƙatuwa ce, da ƙyar take haɗiye ta, kwana biyar ta fara kukan cikinta ya ƙulle. Na canza zuwa kafso mai laushi, ta juya kwalin ta ce, "Kai, wannan ɓawon da me aka yi shi?" Jelatin ne, ba su faɗi na wace dabba ba. Ta ture shi gefe.

Sai na koma na zauna da mai harhaɗa maganin. Ashe bitamin D iri biyu ne: D2 daga yis ko naman kaza ake samunsa, D3 kuma galibi daga maiƙon ulun tumaki, kuma shi ya fi ɗaga adadin a jini ya daɗe. Kwalbar da na raina don ta ce maikirogiram 25, ashe IU 1000 ɗin ce, tunda kowane maikirogiram IU 40 ne. Mai IU 50,000 kuwa ba ta kullum ba ce, sai da umarnin likita.

Na ɗauki D3 na ɗigo, wanda ke cikin mai. Da yake bitamin ɗin a maiƙo yake narkewa, a cokalin miyar taushe nake ɗiga mata da rana. Bayan wata uku muka maimaita gwaji, ya hau.