Darasi na Tara: Kayan Zanen Yara da Ɗaukar Hoto a Gida

Yaro ya dawo daga firamare da 'yar takarda a hannu. Ya ce, "Umma, Malama ta ce mu zo da kayan zane ranar Litinin." Uwa ta juya takardar, ta ce a jira Baba ya dawo. Wannan darasi zai sa ku iya karanta irin wannan takarda da kanku, ku san abin da ya zama dole a saya, da abin da yake nan a gida kyauta.

Abin da takardar ke nufi

A manhajar firamare akwai darasin al'adu da fasaha. A nan ne yara suke zane, da shafa launi, da yanka takarda, da ginin yumɓu. Wasu iyaye suna ganin wasa ne. Ni ban yarda ba. Hannun da ya saba ja layi da zana da'ira, shi ne yake saurin iya rubuta "b" da "d". Ku da kuke koyon rubutu da girma kun fi kowa sanin yadda yatsu suke ƙagewa a makon farko.

Na dole su ne littafin zane, da fensir, da abin goge fensir, da abin fiƙe shi, da rula, da fensir mai launi. Fakiti mai launi 12 ya isa ɗan firamare. Duk ana samunsu wajen masu sayar da littattafai a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, da shagunan unguwa. In yara sun kai uku ko huɗu, sayen dozin ya fi sauƙi.

Ku duba jikin fensir, za ku ga haruffa. HB shi ne na rubutu na yau da kullum. 2B ya fi laushi, ya fi baƙi, ya fi daɗin zane, amma yana saurin ƙarewa. Kada a ba yaro reza ya fiƙe fensir. Almakashi kuma a nemi mai dakusasshen baki.

Launi daga madafa

Launuka uku ne iyayen sauran: ja, da shuɗi, da ruwan ɗorawa. Shuɗi da ruwan ɗorawa su ba da kore. Ja da ruwan ɗorawa su ba da ruwan lemo. Ja da shuɗi su ba da shunayya.

In kuɗi sun yi wuya, a leƙa madafa. Gawayi yana zane baƙi ƙirin. Zoɓo, in aka jiƙa shi da ruwan zafi kaɗan ya yi kauri, ya ba da ja. Kurkum ya ba da ruwan ɗorawa. Jar ƙasa da lalle suna nan. Ku ɗiga ɗan ruwan kanwa a cikin ruwan kurkum, ku bar yaro ya ga yadda yake juyawa ya yi ja-ja; ranar ba za ku huta da tambaya ba. Gam kuwa, a dama sitaci kamar koko, ko a jiƙa ƙaro, wanda almajirai suke sa wa tawada. Kwalin sabulu da bayan tsohuwar kalanda su zama takarda. Sai dai irin wannan launi yana koɗewa in ya sha rana, don haka a shanya zanen a inuwa.

Kano ba baƙuwar launi ba ce. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, kuma har yau da baba da toka ake rini a karofinta. Wata Asabar ku kai yara su ga yadda ƙyalle yake fitowa kore-kore daga rijiyar rini, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu.

Wayar hannu a hannun yaro

Yawancin gidaje akwai waya mai kyamara. Ku ba yaro ita na ɗan lokaci, kuna kusa da shi. Ya fara goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura take yawa. Ya riƙe da hannu biyu. Rana ta kasance a bayansa, tana haska fuskar wanda zai ɗauka. In tana bayan mutumin, fuska za ta fito baƙi. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana kyan haske. In ƙaninsa zai ɗauka, ya durƙusa daidai tsayinsa.

Kada ku ce kawai "je ka yi hoto". Ku ba shi aiki. Yau hannaye: hannun Kaka tana tsince shinkafa, hannun Baba yana ɗinki. Gobe abubuwa biyar masu launin shuɗi a tsakar gida. Da Sallah, a jera daga Kaka har auta. In kun hau Dutsen Dala ko kun je gidan tarihi na Gidan Makama, ya ɗauko abin da ya burge shi, ya dawo gida ya zana shi da fensir. A gidan tarihi a fara tambayar ma'aikata ko an yarda da hoto.

Neman izini shi ne abin da na fi so ku nace a kai. Yaro ya koyi cewa, "Gwaggo, in ɗauke ki?" In ta ce a'a, shi ke nan. Ba a ɗaukar mace ba mayafi a cikin ɗakinta, ba a ɗaukar yaro tsirara. Kuma kada a sa hoton yaro da kayan makaranta a Facebook ko zauren WhatsApp, domin bajen da ke rigarsa yana nuna wa baƙo inda yake karatu.

Waya takan ɓace ko ta lalace. Ku zaɓi hotuna biyu ko uku ku kai a wanke muku, mai girman inci 4 da 6 ya wadatar.

Aikin gida

Yaro ya ɗauki hoton babban mutumin gidanku, ko ya zana shi. Ku kuma ku juya bayan takardar, ku rubuta da hannunku sunan mutumin, da unguwarku, da kwanan wata da shekara. Ku zo da shi aji mako mai zuwa, kowa zai tashi ya karanta nasa.